Tsakuwa a Gwangwani

Motar babana ta girme ni da shekara goma sha ɗaya.
A El Alto, inda iska ba ta cika huhu,
tafiya take shiru kamar mai jin nauyin mutane,
dankali a bayanta, buhu kan buhu.

Sai mun gangara Caranavi, ƙasar zafi,
mun yi lodin ayaba da lemu,
mun juyo da hancinta sama,
sannan bakinta ke buɗewa:
ƙas-ƙas-ƙas, tsakuwa a gwangwani,
duk sa'ad da ƙafarsa ta danne totur.

Babana, Saturnino Apaza, mutum ne mai yarda da kwalba.
Ya sayi ja a gidan mai, boliviano talatin,
ya ɗura wa tanki a hankali
yadda ake ba jinjiri magani,
ya ɗiga wa ƙasa rabonta, don ita ma tana sha.
Kwana biyu babu ƙara.
Rana ta uku, a hawan farko, ta dawo da ƙarfinta.
Ya sayi shuɗiya, wadda aka ce tana cin gawayin inji.
Ya sayi wata mai hoton damisa.
Kuɗin makarantata ya bi salansa ya zama hayaƙi.

Ni na ja shi wurin Doña Casilda Huanca,
mai gareji a bakin gada,
hula a ka, baƙin mai har gwiwar hannu.
Ba ta dubi kwalaben ba.
Ta ɗora bakin sukudireba a jikin injin,
ta manna ƙotar a kunne, ta rufe ido.

Ta ce: Da sanyin safiya take yi, ko sai ta yi zafi?
A tsaye, ko a hawa?
Tsakuwa kake ji, ko taɓarya a turmi?
In taɓarya ce, daga can ƙasa,
je ka fara tara kuɗin wani injin, wannan ya kusa bugawa.
Amma tsakuwa, Saturnino,
wuta ce ke zuwa kafin a kira ta.
A sama kun matso da taimin gaba, don iskarku ba ta da nama.
Nan iska na da ƙiba.
Fetur na fashewa fistan bai iso ba,
su yi karo a bakin ƙofa.

Ta zare fulogi ɗaya, fari fat, da ɗige-ɗige,
ta nuna masa kamar shaida a gaban alƙali.
Ta sassauta noti guda,
ta murɗa abin da bai kai faɗin farce ba.
Muka hau tudu, ni da ita da shi, muka sauko.
Babu tsakuwa.

Ya ce: To kwalbar fa?
Ta ce: Jar ba ta yi maka ƙarya ba,
lallashi ta iya, ba gyara ba.
Ta ƙi kuɗi, ta karɓi nonon ayaba.

Shekara shida bayan nan ƙirjinsa ya fara nasa ƙaran.
Ya sayi kwalba, ya sake saye.
Da likita ya ɗora kunne,
taɓarya ce.

Yanzu ni ke riƙe da sitiyari.
In na iso gada nakan tsaya, in murɗa faɗin farce,
in na koma sama in mayar.
Watan jiya, a hawan farko, na ji ƙas-ƙas-ƙas,
gabana ya faɗi, na kashe, na buɗe, na saurara.
Injin lafiya lau.
Ashe kwalabensa ne, uku, babu komai ciki,
sun gangaro daga ƙarƙashin kujera suna gaisawa.

Na tura su inda suke.
Na sa giya ta biyu.